Katin Ƙarfe Sha Biyu da Rabi

"Awa biyu, Injiniya! Awa biyu cur Abbana yana zaune yana kallon ƙofa!"

A bakin makarantar da take koyarwa na tare ta ranar Litinin, bayan ta kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Yara sun watse. Tana rungume da littattafan da za ta duba a gida, ko sallamata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Malamata, don Allah ki saurare ni..."

"Na saurare ka wancan makon. Ka ce Auta ya manta abin toshe kunnensa a gida, na ce to. Wannan karon kuma mene ne?"

"Maƙwabcin shagonsu ne ya kawo sabon injin walda. Kin san yadda ƙara take yi masa."

"Shi ya kira ka ya ce ta dame shi?"

"A'a..."

"Maigidansa ne ya kira?"

"A'a, amma ai..."

"To wa ya kira ka?"

Digirina biyu, amma amsar wannan 'yar tambaya ta gagare ni, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Abbanta dattijo ne, a wani gari yake zaune. Ya ce kafin manya su shiga maganar aurenmu, yana so ya gan ni da idonsa. Ranar Asabar yake shigowa motar safe, ya iso gidan yayarta da tsakar rana, ya koma a motar ƙarfe biyu, domin ba ya barin mahaifiyarta ta kwana ita kaɗai. Sau biyu ya zo. Sau biyu na ce wa kaina zan leƙa ƙanina Auta a shagon da yake aiki na minti biyar in wuce, sau biyu kuma na ɗaga kai na tarar lokaci ya tafi, ga shagon a wancan ƙarshen gari, ga cunkoson motoci.

"Da ƙyar na shawo kansa zai sake zuwa Asabar ɗin nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ya ce ita ce ta ƙarshe. Ni ma na ce haka."

"Haba rabin raina! Kin fi kowa sanin halin da nake ciki. Ƙanina ne fa. Amana ce!"

"Na sani. Ina son Auta, shi ma ya san ina son sa. Ko gobe ka ce zai zauna tare da mu, ni da hannuna zan share masa ɗaki. Ba Auta ne damuwata ba." Ta ɗago ta kalle ni, idanunta sun ciko. "Kai ne."

Ta tsayar da tasi ta shige, ta bar ni tsaye ina shirya jawabin da babu mai saurare.

Shekarar Auta ashirin da uku. Yana ɗan shekara huɗu likita ta gaya wa iyayenmu sunan abin da ke tare da shi, ta ce otizim ne. Ba ya son ƙara, ba ya son a taɓa shi ba zato, ba ya kallon idon mutum, kuma yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ƙari ba ragi. Bai fara magana ba sai da ya shekara shida, saboda haka ni na zama bakinsa. In aka tambaye shi, ni nake amsawa. In aka yi masa dariya, ni nake faɗa.

Yana shekara tara na lura cewa in ya san abin da zai biyo baya, hankalinsa yana kwanciya. Sai na fara rubuta masa ranarsa a ɗan farin kati kowace safiya: ƙarfe kaza wanka, ƙarfe kaza makaranta, ƙarfe kaza dawowa. Shekara goma sha huɗu babu ranar da ta fito ba shi da kati a aljihu. Ko lokacin da nake jami'a, na mako guda nake rubutawa in bar wa Mama. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kula da ƙaninka." Kalma huɗu. A kansu na ɗora rayuwata gaba ɗaya, yadda nake ɗora bene a kan ginshiƙi, ban taɓa tsayawa na auna nauyin da aka yi su su ɗauka ba.

Wata takwas da suka wuce Auta ya sami aiki a shagon wani dattijo mai gyaran kekunan ɗinki, wanda kowa ke kira Baba Mai Keke. Dama tun yana yaro yake kwance keken Mama yana mayarwa. Tun ranar farko na ƙara layi ɗaya a katinsa: "12:30, Yaya zai zo." Nakan bar ofis in kai masa abinci a kwano mai hawa biyu, shinkafa a sama miya a ƙasa don kada su haɗu, in zauna ya ci a gabana, in tambayi maigidansa ko akwai matsala.

Da yammacin Litinin ɗin na tarar da Mama tana ninke wanki a falo. Auta yana zaune a ƙasa yana goge kayan aikinsa, yana jera su a kan tsumma daga ƙarami zuwa babba.

"Ta huce?" Mama ta tambaya.

"Ba ta fahimta ba, Mama."

"Au, ita ce ba ta fahimta ba?" Ta kakkaɓe wata riga da ƙarfin da rigar ba ta yi laifinsa ba. "Ni na haifi yaron nan, amma wallahi ban kai ka zaƙewa ba. Mahaifinku cewa ya yi ka kula da shi, bai ce ka zama inuwarsa ba."

"In wani ya daka masa tsawa fa? In ya rikice a cikin mutane? Kin manta ranar da ya ɓace a kasuwa?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan da ranar kasuwa!"

"Sha biyu," in ji Auta, bai ɗago ba. "Talata ce. An yi ruwa."

"Ka ji ko? Shi da ya ɓace ya dawo tuni. Kai ne har yau kake cikin kasuwar."

Na shige ɗaki raina a ɓace. Kowa yana da bakin ba ni shawara, amma ba su ne suka yi awa uku suna zagaya rumfuna suna kiran sunan yaron da ba ya amsa kira ba. Kwana uku ina juya maganar, har na samo abin da na ɗauka mafita ce mai kyau: ranar Asabar Auta ba zai je aiki ba. Ya zauna gida tare da Mama, ni kuma in tafi wurin Abban Malama hankalina kwance. Ban gaya wa Mama ba, domin na san abin da za ta ce. Ban gaya wa Auta ba, domin a gaskiya ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa akwai buƙatar a tambaye shi.

Ranar Juma'a na isa shagon a lokacin da na saba. Ɗaki ne siriri mai tsawo, yana warin man keke. Kawunan kekuna jere a kan kantoci har kusa da rufi, kowanne da 'yar takarda a ɗaure a wuyansa. Auta yana can ciki a teburinsa, abin toshe kunne a kansa, ya riga ya wanke hannu yana jirana.

"Ga Sufeto ya iso!" in ji Baba Mai Keke, tabarau a kan tsinin hanci. "Bismillah, a zo a duba mu. Ba mu cinye shi ba."

Na yi dariyar yaƙe, na ja shi gefe.

"Baba, alfarma na zo nema. Gobe Auta ba zai samu zuwa ba."

"Ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa lau. Ni ne ba zan samu zuwa ba."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ba za ka samu zuwa ba, shi ya sa shi ba zai zo ba. Ikon Allah! Ɗana, wai wa na ɗauka aiki a cikinku?"

"Baba, na rana ɗaya ne..."

"Ranar da ka zaɓa ke nan. Gobe makarantar koyon ɗinki za ta kawo kekuna goma sha biyu, ni kuma ina da ganin likitan ido. Tun Laraba na ba shi mabuɗi. Shi zai buɗe, shi zai karɓi kaya, shi zai rufe."

"Mabuɗi?! Shi kaɗai? Da baƙi? Haba Baba, ba ka san shi ba! Auta ba ya son canji! Wa ya ba ka shawarar nan? Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ban san muryata ta tashi haka ba sai da na ji sautin da na fi sani a duniya. Auta ya fara gunji ƙasa-ƙasa, yana jijjiga gaba da baya, ya danne abin kunnensa da tafin hannu biyu.

"Ka gani ko?" na ce, na yunƙura zan je wurinsa.

Dattijon ya riƙe hannun rigata gam.

"Na gani. Kwana shida injin walda yana kuka a bayan bangon nan, bai yi haka ba. Muryarka ce. Tsaya inda kake."

"Baba, sake ni..."

"Minti uku. Ka iya jiran minti uku?"

Auta ya miƙe da kansa, ya ɗaga wani labule a ƙurya, ya shige. Ta ƙasan labulen na hango ƙafafun kujera, da ƙafafunsa suna lilo.

"Shi ya nemi kujerar nan a makonsa na biyu," in ji Baba Mai Keke. "Ya ce in abu ya yi masa yawa, yana buƙatar wurin da babu ido. Na ce ga ƙurya nan. Ni kaina ranar da mata masu ɗinki suka cika mini kunne, ara nake yi."

Ban taɓa sanin akwai kujerar ba. Wata takwas ina zuwa shagon nan kullum.

Da ya fito, numfashinsa ya daidaita. Ya tsaya a gabana yana kallon maɓallin rigata na biyu, wurin da yake kallo in zai yi magana mai muhimmanci.

"Asabar ranar aiki ce," ya ce. "Kekuna goma sha biyu. Na rubuta."

"Ka rubuta a ina? Ni ban sa a kati ba."

"A nawa."

Ya buɗe ƙofar kabad ɗin da ke saman teburinsa. Abin da na fara gani a ciki wani kwali ne cike da katunana, ɗaruruwa, kowanne an bi ta kan rubutuna da layukan ɗinki, baƙi da ja da shuɗi.

"Wannan fa?"

"Ina gwada allura. Katinka yana da kauri daidai. In allura ta karkace, yana nunawa."

Baba Mai Keke ya juya baya yana tari, kafaɗunsa suna rawa.

A bayan ƙofar kabad ɗin kuma an manna wani kati da rubutun Auta, ƙanana-ƙanana a miƙe kamar na injin bugawa. Na matsa na karanta.

"8:00 Buɗe taga. Sa wa kekuna mai.
10:00 Shayi.
In baƙo ya yi magana da sauri, a ce: don Allah maimaita a hankali.
In ƙara ta yi yawa, kujera.
12:15 Ajiye aiki. Wanke hannu.
12:30 Yaya. A ci abinci ko babu yunwa. In ya ce lafiya, a ce lafiya lau. Zai tambaya sau uku. Kada a gaya masa sabon abu. Yaya ba ya son canji.
12:50 In ya tafi, a ci gaba."

Sau uku na karanta layin sha biyu da rabi. Jimlar da na faɗa wa malamai, na faɗa wa likitoci, na faɗa wa dangi da maƙwabta da matar da nake so, ita ce a manne a gabana, sunana a wurin sunansa. Na so in ji haushi. Na nemi wanda zan ji haushinsa a cikin shagon, na rasa, sai ni.

"Auta... ba ka son ina zuwa?"

Ya yi tunani. Auta ba ya amsa tambaya don ya faranta wa kowa, wannan na sani, shi ya sa gabana ya faɗi.

"Ina son ka," ya ce. "Ba na son sha biyu da rabi. Lokacin ne hannuna yake daidai. In na ajiye ƙoshiyar keke a tsakiyar gyara, sai na sake daga farko."

"To me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba ka tambaye ni ba. Baba Mai Keke kake tambaya."

"Amma kana cin abincin..."

"In ka shigo, kafaɗarka tana nan." Ya ɗaga hannu kusa da kunnensa. "In na ci, tana sauka nan. Minti ashirin take ɗauka."

Na zauna a kan wani akwatin keke. Ashe duk watannin nan da nake barin ofis, nake saɓa wa Malama alkawari, nake barin dattijo yana kallon ƙofa, ba ni nake renon Auta ba. Shi yake ajiye aikinsa, ya wanke hannu, ya tura abincin da ba ya marmari, don yayansa ya samu ya yi numfashi.

"Sufeto," Baba Mai Keke ya ce a hankali, "yaron nan ya girma tun tuni. Kai kaɗai ne ba a kai wa labari ba."

Safiyar Asabar hannuna ya jawo farin kati da biro tun kafin in gama farkawa. Na fito falo da shi, na tarar babu takalman Auta a bakin ƙofa, babu kwano mai hawa biyu a kicin.

"Tun bakwai ya fita," in ji Mama, tana kurɓar shayi da wani irin murmushi da ya ba ni haushi. "Shi ya zuba abincinsa. Ya rataya mabuɗi a wuya kamar lambar girma. Ga saƙonka can a tebur."

Kati ne.

"11:00 Farar riga. Ba mai layi-layi ba.
11:20 Fita. Kada a bi ta shago.
12:00 Abban Malama. In ba ka iya kallon idonsa ba, kalli tsakanin girarsa. Kai ka koya mini.
In ya yi tambaya, bari ya gama.
Waya a hannun Malama."

"Mama, kin ga abin da yaron nan ya rubuta mini? Ni zai gaya wa rigar da zan sa?"

"Shekara goma sha huɗu kana gaya masa, ka ji ya yi ƙorafi? Je ka sa farar riga!"

Na sa. A mahaɗar da hanya ta rabu biyu, hagu zuwa shago, dama zuwa gidan yayar Malama, sai na ga hannuna ya kunna sigina ta hagu ba da izinina ba. Kekuna goma sha biyu. Baƙi masu magana da sauri. Injin walda. Minti biyar kawai, in ji zuciyata, daga nesa ma, ba sai ya gan ka ba. Motocin baya suka cika ni da hon, wani direba ya leƙo yana tambayar ko a nan zan kwana. Na dubi katin da ke kan kujerar gefena. Na kashe siginar, na yi dama, ina zagin kaina har ƙarshen titi.

Sha biyu saura biyar na ƙwanƙwasa. Malama ce ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi agogon hannunta, ta sake dubana.

"Ka zo..."

"Na zo, hasken idona." Na miƙa mata wayata. "Riƙe. Umarni ne daga sama."

Na nuna mata katin. Ta karanta, ta toshe baki da mayafi, dariya da hawaye suka zo mata lokaci guda.

"Wallahi Auta ya fi ka hankali!"

"Kowa ya gaya mini, saura ke."

Abba ya iso bayana da 'yan mintuna, ɗan siririn tsoho mai sanda da idanu masu kaifi. Na durƙusa na gaishe shi. Na kalli tsakanin girarsa.

"Kai ne mai wuyar ganin nan?"

"Ni ne, Abba. Na yi laifi, ba ni da hujja."

"An ce ƙaninka ne ke riƙe ka. Yau ina yake?"

"Yana wurin aiki. Yau shi ke riƙe da shago."

"Wa ke kula da shi?"

Na buɗe baki da dogon bayani, sai na ji babu abin faɗa face kalma ɗaya.

"Shi."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tambayoyi game da aikina da Mama da inda za mu zauna, na bar shi yana gama kowacce. Amma akwai agogo a bangon falon, daidai bayan kansa. Da dogon hannun ya sauka kan shida, sha biyu da rabi ta cika, sai na ji kafaɗata ta hau kusa da kunnena. Ko ya ci abinci? Ko sun kawo kekunan? Ko yana bayan labule?

Abba ya miƙe zai wanke hannu. Malama ta shigo da tire, ta durƙusa tana jera faranti, sai ta ajiye wayarta a gefen nawa, fuskar wayar a sama. Saƙonni ne tsakaninta da Auta.

"Ya iso?"

"Ya iso, Auta."

"Da farar riga?"

"Da farar riga. Kai fa, yaya aiki?"

"Huɗu sun gama. Saura takwas. Ki ba shi abinci. Minti ashirin kafaɗarsa za ta sauka."

Rubutun ya dushe a idona. Ta ɗauke wayar, ta tura mini faranti.

"Ci, Injiniya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ko babu yunwa."

Na ci. Ƙarfe ɗaya saura minti goma, Abba ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ce in turo manyana. Na juya ina neman idon Malama a bakin ƙofa, sai na ga ba fuskata take kallo ba. Kafaɗata take kallo, tana murmushi.